Injin da ya yi shiru bai mutu ba: yadda ake kare kan ma'aikaci a gidan wanki da guga

An ɗauke wuta da tsakar rana, ɗakin wanki ya yi tsit. Yaron shago ya ga dama ta samu, ya buɗe ƙofar injin busarwa, ya cusa kai da kafaɗu cikin ganga yana warware zanen gadon da ya nannaɗe. Can waje wani ya tayar da janareto ya juya cenji-oba, ko kuwa masu wuta suka maido da ita ba sallama. Makunnin injin yana kunne yadda aka bar shi, ɗan makunnin ƙofa kuma tun bara ya lalace aka haɗe wayoyinsa don kada aiki ya tsaya. Ganga ta juya. Haƙarƙarin ƙarfen da ke cikinta, wanda aikinsa ɗaga kaya sama, shi zai sami ƙeya, ko ya matse wuya da bakin ƙofa.

Da yawa daga cikin munanan raunukan kai a wannan sana'a ta nan suke shigowa. Sa'ad da inji ke ruri kowa na kaffa-kaffa da shi, sai ya yi shiru ake sakin jiki. Wannan bayani na masu gidajen wanki da guga ne a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru, da masu kula da ɗakunan wankin otal da asibiti da makarantun kwana, da kuma yaran da ke tsaye gaban injinan tun safe.

Ƙarfin da ke cikin ganga

Duba ɗan farantin da ke manne a jikin motar injin, wato na'urar lantarkin da ke juya ganga. Galibi za ka ga an rubuta 1,450 ko kusa da haka. Juyi 1,450 ke nan a minti ɗaya, wato kimanin 24 a kowace daƙiƙa. In sandar da ke fitowa daga motar kaurinta santimita 3 ne, tana naɗe fiye da mita biyu na ƙyalle a daƙiƙa guda. Bakin mayafi mai tsawon mita ɗaya ya ƙare kafin mai shi ta ce wayyo. Babu mai hanzarin da zai fizge kansa a wannan ɗan tsakani, saboda haka duk tsarin da ya dogara ga "a yi hankali" kaɗai bai tsare kowa ba.

Injin matse ruwa ya fi haka. Ganga mai faɗin santimita 60 da ke juyi 1,000 a minti, bakinta yana gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Duk abin da ya lafe a bangonta kuma nauyinsa ya ninku sau 300 da ɗoriya. Jiƙaƙƙen tawul mai kilo ɗaya da ya dunƙule a gefe guda yana jan gangar kamar an rataya mata buhu shida na shinkafa. Mabuɗi ko noti da ya kuɓuce daga ciki da wannan gudu, in ya sami goshi, fasa ƙashi yake yi.

Kwaɗo ɗaya, mabuɗi a aljihun mai kan

Ƙa'idar farko ita ce kada kan kowa ya shiga ganga, ko bayan inji, ko ƙarƙashinsa, sai mabuɗin kwaɗon wutar injin yana aljihunsa shi kansa.

Wannan yana buƙatar kowane inji ya sami akwatin yanke wuta nasa, irin mai hannu da ake murɗawa, mai hudar da kwaɗo ke shiga. A kafa shi a bango daidai ƙirji, inda wanda ke tsaye gaban injin yake hango shi, a rubuta sunan injin a jiki da fenti. Mai gyaran wuta yana iya gama wannan a yini ɗaya.

Ga yadda ake bi. Ka danna maɓallin tsayarwa, ka tsaya ka ga ganga ta tsaya cak da idonka. Ka murɗa hannun akwatin, ka sa kwaɗo, ka jefa mabuɗi a aljihu. In injin na amfani da tururi ko gas ko iskar kwamfuresa, ka rufe famfonsu, ka saki iskar da ta rage a bututu har allurar ma'auni ta koma sifiri. Sannan ka koma gaban injin ka danna maɓallin kunnawa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne mai tona asiri: wani lokaci akwatin da ka kulle na injin kusa ne, wani lokaci kuma an taɓa jan waya daga janareto kai tsaye zuwa injin an manta. In bai motsa ba, ka shiga. In mutum biyu ne za su yi aikin, kwaɗo biyu za a sa, kowa ya cire nasa da hannunsa. Maigida ma ba shi da ikon cire kwaɗon yaro don kwastoma na jira a waje.

"Ai babu wuta" ba hujja ba ce. Wutar kamfanin Kaduna da ke ba Kebbi da Sakkwato da Zamfara ba ta sanar da dawowarta, mai tayar da janareto ba ya ganin cikin ɗaki, inbatar sola kuwa ko ƙara ba ta yi in ta karɓi layi.

Injinan zamani masu akwatin sarrafa gudu suna riƙe wuta a cikinsu bayan an yanke. Kafin a buɗe murfin wayoyinsu a jira minti 5 aƙalla, ko abin da aka rubuta a jikin murfin in ya fi haka. Wutar da ta fizgi mutum takan yi jifa da shi baya, ƙeya ta sami daɓe ko kusurwar injin da ke bayansa.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata ka yi yau. Kunna kowane inji babu kaya a ciki, kowa ya ja baya, ka kashe cenji-oba, ka ƙirga goma, ka mayar. Injin da ya tashi da kansa yana da matsala. Tsofaffin injinan gwanjo da waɗanda aka ƙera a gida, masu makunni irin na wuƙa ko na bango, duk haka suke yi. Maganinsa a sa kwantakta, wani makunnin lantarki mai maɓalli biyu, kore na kunnawa da ja na kashewa. In wuta ta ɗauke kwantakta takan saki, kuma ba ta sake kamawa sai mutum ya danna kore da yatsansa. Injin wankin da ke da kwamfuta wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya, shi kuma rayuwar ma'aikaci ta rataya ne ga makullin ƙofarsa.

Makullin ƙofar nan ya cancanci a daɗe a kansa, don a ƙasarmu ɗaukewar wuta ce ke kashe shi. Injin na cikin matsa, wuta ta tafi. Birkin yawancinsu na lantarki ne, don haka ganga ta ci gaba da juyawa da nauyinta na wasu mintoci, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa, wanda shi ne daidai. Yaro na sauri, sai ya sa sukudireba ya ɓanɓare. Yau da gobe makulli ya karye, makaniki ya zo ya ce ba a samun irinsa sai Kano ko Legas, "bari in haɗa maka shi kai tsaye kafin nan". Kafin nan ɗin yakan kai shekara. Kada ka yarda. Injin da makullinsa ya mutu a sa masa kwaɗo har sabo ya iso. In wuta ta ɗauke ana matsa, a leƙa ta gilashi har ganga ta tsaya, a kulle akwatin wuta, a zubar da ruwan ciki, wanda a wankin asibiti da otal yakan kai digiri 60 zuwa 90, sannan a ja igiya ko ɗan hannun buɗewar gaggawa da masu ƙera injin suka tanada, yawanci a bayan murfin ƙasa.

Kowace safiya, kafin kayan farko, a gwada. Injin wanki: a bar ƙofa a buɗe a danna kunnawa, dole ya ƙi. Injin busarwa: yana juyawa babu kaya a buɗe ƙofa, dole ya yanke nan take. A rubuta a littafi, da kwanan wata da sunan wanda ya gwada.

Mayafi, rawani da tawul ɗin wuya

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke da injin markaɗe ya san abin da bel ke yi wa mayafi da gashi. Bayan injin wanki da na busarwa akwai bel da fuli, wato gargaren da bel ke zagayawa, iri ɗaya, sai dai murfi ya ɓoye su. Matsalar ita ce murfin ba ya daɗewa a wurinsa. An cire shi don canja bel, ko don mota na zafi a watan Afrilu, aka jingine shi a bango, shi ke nan ya zama wurin shanya tsumma. Ran da wata ta zagaya baya ɗauko safar da ta faɗi, ta sunkuya, bakin hijabi ya sauko.

Abin da ke faruwa iri biyu ne, kuma kowanne muni gare shi. In ƙyalle ne ya naɗe, yana shaƙe wuya ya fizgo kai ya haɗa shi da ƙarfe. In gashi ne, fatar kai takan ɗaye daga ƙoƙon kai, wani lokaci tun daga gira har ƙeya. Sanda mai santsi ma tana kama gashi, balle wadda ke da kan kusa ko noti a waje. Iskar da fuli ke kaɗawa kuma tana janyo ƙyalle marar nauyi tun bai taɓa ƙarfen ba.

Babu wanda ya ce mace ta buɗe kanta don ta yi aiki. A tufke gashi ko kitso a ƙarƙashin hula mai kamawa, a sa ɗan gajeren hijabi irin na ma'aikatan jinya, a cusa bakinsa cikin wuyan rigar aiki ta yadda babu abin da ke lilo in an sunkuya. Dogon hijabi da gyale a rataye su a ƙofa, a ɗauka in za a fita. Maigida ne ya kamata ya ɗinka waɗannan, biyu-biyu ga kowace ma'aikaciya, don kada ranar wanki ta zama dalilin komawa ga dogon. Maza ma ba su tsira ba: rawani, babbar riga, hirami, carbi ko laya a wuya, igiyar katin shaida, wayar sauraron waƙa, da tawul ɗin share gumi da kusan kowane mai guga ke ratayawa a wuya. Tawul ya koma aljihu ko ƙugiya.

In murfin asali ya ɓata, mai walda zai yi wani. Daidai fuli da sanda a yi shi da farantin ƙarfe rufaffe, don zare da gashi suna ratsa raga. Inda ake son iska ta shiga a sa raga mai idon da bai wuce milimita 12 ba, a nisanta ta da abin da ke juyawa da santimita 12. A ɗaure da kusoshin da sai da sifana ake kwancewa. Murfin da ake ɗagawa da hannu kwana uku yake yi. Kan sandar da ya leƙo waje a kifa masa ƙoƙon ƙarfe. Lungun bayan injina a sa masa fitila da ƙofa, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Ɗora bel a kan fuli mota na juyawa, wanda wasu ke ɗauka gwaninta ce, a hana shi ƙarfi da yaji.

Injin matse ruwa mai murfi a sama

Wannan shi ne mafi haɗari a ɗakin, kuma shi ne wanda aka fi samu tsoho. A jera kaya zagaye da bangon ganga daidai wa daida, masu nauyi a ƙasa. Zanen gado da labule da rawani a dunƙule kowanne a gefensa, kada a ratsa su ta tsakiya daga wannan ɓari zuwa wancan, don in gudu ya kama za su ja juna su yage ko su karkatar da ganga. Kada kaya su wuce baki. A rufe saman da ƙyalle mai kauri a cusa gefensa, sannan a rufe murfi. Hannun riga ɗaya da ya leƙo waje ya isa ya zama bulala, ya kuma isa ya kama wanda ya sunkuyo.

Da ka ji yana bugawa ko yana rawa, ka kashe, ka jira ya tsaya, ka sake jeri. Kada a danne shi da jiki. Kada a tsayar da ganga da hannu, ko tsumma, ko icce: iccen yakan dawo ne ta fuska. In birki ya cinye a canja fatarsa.

Sau ɗaya a wata, da kwaɗo a akwati, a haska tocila a duba tsatsa da tsaga tsakanin hudojin ganga, musamman inda aka yi walda da kewayen gindi, domin ruwan bilic yana cin ƙarfe a hankali. A taɓa babban notin tsakiya, da kusoshin da suka riƙe injin da kankare, da robobi ko sifirin da yake zaune a kai. Gangar da ta tsage ta gama aiki. In aka yi mata faci nauyinta ya karkace, kuma ba a san ranar da za ta tarwatse ba. Haka nan kada a canja fuli don kaya su fi bushewa. Ƙarin gudu kashi 20 cikin 100 yana ƙara wa bango nauyi kashi 44.

A zazzage aljihun kowace riga kafin ta shiga kowane inji.

Wurin guga

Injin guga mai naɗi, na zanen gado, zafin ƙarfensa yakan haura digiri 150. A gabansa akwai sandar kariya wadda in aka taɓa ta naɗin ke tsayawa. A gwada ta kowace safiya da guntun kwali, daga dama da hagu da tsakiya. Masu ciyar da shi suna sunkuyawa don daidaita bakin zane, nan ne mayafi ke bin zanen ya shige, ya jawo fuska zuwa ƙarfe mai zafi. Dole kowa ya san inda hannun juya naɗin baya yake, kuma a rataye babban almakashi a gefen injin, wanda ba a ara wa kowa.

Injin dannawa mai aiki da iska an yi masa maɓalli biyu ne don hannu biyu su kasance a waje sa'ad da kansa ke saukowa. In ka ga an naɗe ɗaya da salatif, ka cire, ka kuma tambayi dalili; galibi yawan kayan da aka ɗora wa mutum ne, musamman satin Sallah da shadda ke taruwa har rufi. Kan injin kuma da ƙarfi yake komawa sama, wanda ya sunkuya gyara wuyan riga zai sha shi a haɓa. Tankin kwamfuresa a zubar da ruwan gindinsa kullum da yamma, don ruwan ne ke cinye shi ta ciki. Tiyon iska a ɗaure bakinsa da kilif na ƙarfe, ba da waya ko robar taya ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ne na kullum. Ƙofar injin busarwa da aka bari a buɗe daidai kan wanda ya durƙusa kwashe kaya. Bututun da ya ratsa hanya ƙasa da mita biyu: a ɗaga shi, ko a naɗe shi da soso a shafa masa fenti rawaya. Fankar sama: a kashe ta kafin kowa ya hau kan inji ko tsani gyaran tiyon ruwa. Daɓe mai ruwan sabulu: a gyara magudana, a sa takalmin roba mai ƙasa mai kamawa a bar silifa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan wuce digiri 40 a waje, ɗakin busarwa kuma ya fi haka, ga azumi in ya faɗo a lokacin. Wanda jiri ya ɗauka a tsaye, kansa ne ke fara isa ƙasa. A mayar da aikin busarwa da guga sassafe ko bayan magariba, a fitar da janareto da hayaƙinsa nesa da taga. Makanikin da ke shiga ƙarƙashin inji ya sa hular kwano. Sai dai hular kwano ba ta hana bel kama mayafi, kuma ba ta maye gurbin kwaɗo.

In an riga an buge

A fara da kashe wuta da kulle ta, kafin kowa ya taɓa wanda ya ji rauni. In ƙyalle ko gashi ya naɗe, kada a kunna inji wai don ya warware. A yanke da almakashi, a fara da abin da ya shaƙe wuya.

A kira sunansa, a duba ko yana numfashi. Duk wanda inji ya fizga ko ya faɗo daga sama, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu: mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, kada a ɗaga shi zaune, kada a girgiza shi. In ya suma amma yana numfashi, ko amai ya taso, mutum uku su juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi ɗaya. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, don huhu za su tafi. In jijjiga ta kama shi a kawar da abin da zai buge, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa.

Fatar kai tana zubar da jini sosai ko da yankan ƙarami ne. A danna da bandeji ko tsabtataccen tawul, wanda gidan wanki ba ya rasawa, minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Amma in wurin ya lotsa, ko ana jin ƙashi na motsi, ko wani ƙarfe ya kafe, kada a danna tsakiya kuma kada a zare komai. A naɗa ƙyalle kamar gammo, a kewaye raunin da shi, a ɗaure a kan gammon. Toka, ƙasa, man birki, garin batir, babu wanda zai shiga rauni. In jini ko wani ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, kada a toshe. A ɗora ƙyalle sama-sama a bar shi ya fita.

In fatar kai ta ɗaye, a danne kan da babban tawul a naɗe, a kwantar da wadda abin ya sama, a lulluɓe ta, don jinin da ke zuba yana iya kashewa kafin komai. Fatar da ta fita kuma kada a jefar, kada a goge ta. A kwance ta daga injin a hankali, a naɗe ta a bandeji mai ɗan danshi da ruwan gishiri na asibiti ko ruwa mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin kula mai ruwa da ƙanƙara. Kada fatar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ta tafi asibiti tare da mai ita, a mota ɗaya. Likitoci ne za su ga ko za ta mayu ko za a yi amfani da wani sashenta, kuma kowace awa da ta wuce tana rage wannan dama.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ya tashi. Ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga ya ce, "Maigida, ba komai, ɗan jiri ne." A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsinke, jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, mutum na magana yana tafiya na awa ɗaya ko 'yan awoyi, sannan ya ce barci yake ji. In an yi masa aiki da wuri yakan warke sarai. In aka bar shi ya kwanta a bayan shago, ba lalle ya tashi ba. Amsar maigida ita ce, "Na ji, amma sai likita ya gan ka."

A tafi asibiti nan take in ya suma ko da na daƙiƙa kaɗan ne, ko bai tuna abin da ya faru ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai na ƙaruwa. Haka in barci na rinjayarsa, ko magana ta karkace, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko yana gani biyu-biyu, ko ɗigon baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko kewayen idanu biyu ko bayan kunne ya yi baƙi. Dattijo da mai shan maganin tsinka jini a kai su ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada a aika kemis a sayo asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna iya ƙara zubar jini. Tramadol da maganin barci kuma suna ɓoye alamun da likita ke nema. In dole ne, farasitamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500 ga babba, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Kada a ɗora shi a babur ɗin kabu-kabu. A nemi mota, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, mai riƙe kai ya ci gaba da riƙewa har asibiti. Wanda ya ga abin da ya faru ya bi su, ya gaya wa likita ƙarfe nawa aka buge, minti nawa ya yi a sume, sau nawa ya yi amai. A tambayi allurar titanus.

A Birnin Kebbi akwai asibitin tarayya da aka fi sani da FMC, da asibitin tunawa da Sir Yahaya. Aikin tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa, babbar cibiyarsa a wannan yanki tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar awa biyu zuwa uku daga Birnin Kebbi, daga Yawuri da Zuru kuma fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan nisa shi ne dalilin da ya sa ba a zaman "bari mu gani zuwa yamma". Tun yau maigida ya bincika inda injin hoton ƙwaƙwalwa ke aiki a kusa da shi, ya rubuta a bango tare da lambar direbobi biyu da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ya kuma ware kuɗin mai da na hoto a wurin da babban yaron shago zai iya ɗauka ko ba ya nan.

Wanda likita ya sallama, ko wanda bugun bai kai ko'ina ba, kada ya kwana shi kaɗai. Wani babba ya kasance tare da shi awa 48, a gaya wa matarsa ko mahaifiyarsa alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Ba tuƙi, ba hawa tsani, ba tsayawa gaban inji sai jiri da ciwon kai sun tafi gaba ɗaya. In aka ƙi biyansa kwanakin hutun, gobe zai dawo da jirinsa ya tsaya gaban injin matsa, saboda haka a biya shi.

Doka ma ta yi magana. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin wata a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ita kuma ta ɗauki nauyin magani da diyya in an ji rauni a bakin aiki. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. A adana katin asibiti da rasit da hoton wurin.

Injin da ya yi raunin kuwa ya zauna da kwaɗonsa. A rubuta a littafin safiya abin da aka samu: murfin da babu, makullin da aka haɗe, ko akwatin da ba a kulle ba. A gyara wannan abin, a maimaita gwajin cenji-oba da na ƙofa a gaban dukan ma'aikata, sannan a cire kwaɗon.